Kananzirin Injiniya

Waliyyu na Gehuru abokina ne tun muna yawo babu wando, kuma ni ne na kai masa mutumin da ya gama da shi. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci na zauna wanke kaina. Sunana Surajo, gyaran injin ban-ruwa nake yi a bakin kasuwar Jega, sana'ar da ba ta neman komai sai haƙuri da baƙin hannu.

Shi kam boko ya yi, har ya wuce inda mutanenmu suke iya hangowa. Mahaifinsu ya rasu yana aji uku na firamare, dangi suka ce a cire shi ya kama fartanya, yayarsa Delu ta kafa ta tsare. Ta girme shi da shekara goma sha biyu, tana aure a Maiyama, tana sayar da shinkafa da wake a tasha. Daga wannan tukunyar ya yi sakandare, daga ita ya yi jami'a, har ya fito injiniyan sarrafa mai, aka ɗauke shi aiki a wata matatar mai can kudu. Delu ba ta taɓa sanin takamaiman abin da yake yi a can ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Duk direban da ya tsaya cin abinci a rumfarta sai ya ji cewa man da ke cikin motarsa ta hannun ƙanenta ya biyo.

Shekara shida ya yi aka yi ragin ma'aikata, sunansa ya fito. Ya dawo gida daidai shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin da duk wanda ya iya riƙe biro yake samun tebur da kujera. Ya ɗauki takardunsa ya yi ta zarya. Matsalar Waliyyu ita ce, in an tambaye shi abin da ya iya, sai ya faɗi gaskiya. Yakan ce ya iya lissafa, in an rufe gaurayen mai a cikin tukunya aka ba shi zafi, nawa ne zai tashi ya zama tururi, nawa ne zai zauna yana ruwa. Da mai wayo ne da ya ce ya iya komai. Ba a samu inda za a sa shi ba. Ya koma Gehuru ya kama gonar albasar mahaifinsu, ya kuwa nuna wa duniya cewa noma ma ilimi ne, don albasarsa ba ta taɓa wuce girman ƙwan zabo ba. Matarsa ta yi haƙurin shekara ɗaya ta koma gidansu. 'Yan gari suka raɗa masa Malam Tururi, suna kiransa haka a gaban idonsa, yana amsawa.

Duk ranar kasuwa yakan zo rumfata ya zauna kan wani mataccen inji, ya fito da littafin rubutu da ɗan kalkuleta mai aiki da hasken rana, ya duƙufa. Wata rana na gaji na tambaye shi abin da yake nema a cikin waɗannan lambobi da ba sa ƙarewa.

"Surajo, hetur ba abu guda ba na," ya ce. "Taron dangi na. Akwai masu sauƙi, da sun ji zahi sun tashi. Akwai masu nauyi, sai an matsa masu. Kananzir ma hakanan, sai dai danginshi sun hi natsuwa. In ka haɗa su ka ruhe, kowane shina da rabon da za ya aika bisa da wanda za ya bari ƙasa, kuma rabon kowa ya rataya ga na sauran. Shi ya sa babu hanyar da za ka bi kai tsaye ka hidda amsa."

"To ƙaƙa kaka yi?" na ce.

"Ciniki nika yi. In taya lamba, in bi dangin ɗaya bayan ɗaya in hidda rabon kowa, in tara. In jimla ta zo ɗaya cif, an sallama mani. In ta wuce ko ta gaza, lissahi ya ce albarka ke nan, sai in gyara tayi in koma tun daga hwarko."

A matatar, in ji shi, kwamfuta ce ke yin wannan ciniki kafin mutum ya ƙifta ido. A Gehuru tayi guda yakan ci masa rabin yini. Kafin ya baro kudu ya kwafe jadawalin halin kowane ɗan dangin mai da hannunsa, littafi uku cur, yana ajiye su cikin leda don kada gara ta taɓa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya tambaye shi. Da kansa yake ƙirƙiro matsala ya warware don kada hannu ya manta. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Abu guda yake so a duniya, ko da yake ban taɓa jin ya faɗe shi da baki ba: wani mutum mai hankali ya zo masa da bukata ta gaske, ya tambaye shi, ya tafi ya yi aiki da amsar.

A shekara ta uku da yin jiha aka shiga wahalar mai. Gidajen mai suka bushe, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da jarkoki da mazurari, kowa ya zama ɗan kasuwar mai. Cikinsu har da Alhaji Maccido na Aliero, dillalin albasa gaba da baya, wanda ya ga mai ya fi albasa gudu ya tsoma hannu. Rumfar da nake aiki a cikinta tasa ce, kuma rabin injinan da nake gyarawa na manoman da ke sayar masa da albasa ne. Na faɗi wannan ne don shi ne bayanin duk shirun da na yi daga baya.

Farkon sanyi Maccido ya zo rumfata ya ja ni gefe. An sayar masa da kananzir duro goma da araha, saboda tankar da ta ɗauko shi fetur ta yi dako kafin nan, ba a tsiyaye ta sosai ba. Ya san ba a zuba irin wannan a fitila ko a risho. Ya kuma san ba zai zubar ba. Wani ya gaya masa in an sirka da mai kyau yana gyaruwa, abin da bai sani ba shi ne nawa da nawa. Ni kuma da bakina, ina jin daɗin na yi wa manya amfani, na ce ai na san wanda wannan lissafin ne abincinsa.

Muka tafi Gehuru a motarsa. Mun tarar da Waliyyu a zaure yana gyaran igiyar guga. Maccido ya tuɓe takalmi, ya miƙa masa hannu biyu, ya ce, "Injiniya, barka da gida." Shekara uku ke nan ba wanda ya kira shi haka sai Delu. Na ga igiyar ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya ɗauka ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce a kawo masa kwalba guda daga gurɓataccen da kwalba guda daga mai kyau. Ya auna nauyinsu, ya tsoma wani ɗan ma'aunin gilashi da ya zo da shi daga kudu, ya gano kimanin fetur nawa ya shiga. Daga nan ya rufe kansa a ɗaki. Abin da yake nema shi ne a wane zafi ne tururin da ke taruwa a saman man zai yi ƙarfin da zai kama wuta in ya ga harshenta. Sai ya taya zafi, ya bi dangin mai su goma sha ɗaya, ya tara, ya ga bai yi ba, ya sake. In ya rufe na sirki ɗaya cikin biyu, ya koma na ɗaya cikin uku. Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka. Irin albasar da ya yafa ya bushe ƙurmus saboda ya manta da ban-ruwa, ko a jikinsa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, har ƙiba ya yi.

Ranar da ya kai amsa gidan Maccido ina wurin. Takarda ɗaya ce, rubutu tsaf, da wani layi a ƙasa da ya ja masa zare biyu. Da yake ya san Alhaji ba ya karanta boko, sai ya faɗa masa da baki.

"Alhaji, duro guda na wanga cikin huɗu na mai kyau. Amma da sharaɗi. Lissahin ga na sanyi na. Muddin zahi bai wuce digiri talatin da shidda ba, tururin ba shi kai ya kama. In ya wuce, zance ya sake. A sayar, a ƙone shi, kahin sanyi ya hita."

Maccido ya yi dariya. "Injiniya, wa ka aje kananzir zamanin ga? Kwana goma ba shi yi."

Ya ba shi shadda yadi goma. Waliyyu ya kai ɗinki, ya sa, ya ce in kai shi Maiyama a babur ɗina. Mun sami Delu a rumfarta ta kwano a tasha, risho uku na ci a gabanta, tana zuba wa wani direba miya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaya mata an nemi aikinsa, babban ɗan kasuwa ya zo har gida, kuma kananzirin da za a sayar a Jega da Aliero shi ya auna shi. Delu ta ajiye ludayi ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce, "Na sani ranar ga tana zuwa, auta." Ta cika mana kwano da nama har muka kasa ci, kafin mu tashi kuwa babu wanda bai ji labari ba a tashar.

Yanzu sai in yi bayanin mutumin Aliero ga wanda bai san shi ba. Mutumin Aliero ba ya sayar da albasa ranar da ya cire ta. Yakan zuba ta a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa, ya zauna ya jira ta yi tsada. Haka suka gada, kuma a wurinsu wanda ya sayar da wuri shi ne wawan shekara. Maccido ya sirka man kamar yadda aka ce masa, ɗaya cikin huɗu cif, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma a makon da ya gama sirki sai kananzir ya fara hawa, kullum da sabon farashi. Hannunsa ya ƙi buɗewa. Ya kulle duro hamsin a wani shagon kwano a bayan kasuwar Aliero ya sa makulli a aljihu. A ganinsa ma mai ya fi albasa daɗin ajiya, tunda ba ya ruɓewa, ba ya tsiro. Sharaɗin injiniya kuwa ya ɗauke shi irin 'yar maganar nan da likita ke ƙarawa bayan ya riga ya ba ka magani.

Mu a zatonmu an sayar an ƙone tun tuni. Sanyi ya fita, bazara ta shigo da ƙarfinta, irin zafin da in ka bar sifana a rana ba ka iya ɗaukarta da hannu. Wata rana na je Aliero gyaran inji, na bi ta bayan kasuwa, na ga ana mirgino durorin daga shagon. Murfinsu ya kumbura. Da aka kwance bakin ɗaya sai ya yi huci, warin fetur ya doke ni daga inda nake tsaye. 'Yan sari sun yi layi da jarkoki, kuma abin da ake tallarsa da shi shi ne na injiniya ne, an auna shi, ba ya hayaƙi. Ban gyara injin ba, na juya babur na nufi Gehuru.

Waliyyu ya ji, ya tashi ko hula bai ɗauka ba. Muka sami Maccido a ƙofar gidansa ana yi masa fifita. Waliyyu ya ce a dakatar da sayarwa yau, a bi wanda aka riga aka sayar a dawo da shi. Maccido ya saurare shi har ƙarshe, bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Mutumin nan ya shekara talatin yana karanta fuskar manomi a bakin rudu, Waliyyu ba komai ba ne a wurinsa.

"Injiniya," ya ce, "wancan ba da baki kab ba ni ba, da takarda kab ba ni. Ni kuwa takardarka nika girmamawa. Wanga ma kawo mani takarda. In lissahi yac ce a tsaya, wallahi sai in tsaya."

Na ga fuskar Waliyyu ta sake. Ya ƙirga wani abu a ransa, sannan ya ce, "Kwana ukku."

Jibi kasuwar Jega ce, kuma dukanmu uku mun sani.

Da muka fito na tare shi a bakin hanya. Na ce masa wane irin mutum ne shi. Na ce ya sami gwangwanin madara, ya zuba man rabi, ya rufe, ya ajiye a rana, ya tara jama'a, ya buɗe ya ƙyasta ashana kowa ya gani da idonsa. Wannan ba ya bukatar kwana uku, ko sa'a uku ba ya bukata.

"In ta kama sai ya ce ni na ƙara hetur," in ji shi. "Ka ji da kunnenka, lamba yaka ji. Kuma ban iya shiga kasuwa in hwaɗa ma mutane abin da ban ruhe lissahinshi ba. Jadawalina ga arba'in ya tsaya, Surajo. Sai na ja shi gaba, ɗan dangi ɗaya bayan ɗaya, kahin in soma tayi."

"Kai ba ka san yana kamawa ba?"

"Na sani. Amma ban san ga nawa ba."

Na zage shi, zagin da ban taɓa yi masa ba tun muna yara. Na ce girman kai ne ke damunsa, an kira shi injiniya sau biyu ya manta da hankalin da Allah ya ba akuya. Ya tsaya ya sha zagin, ya hau bayan babur ɗina na kai shi gida. Ina da gaskiya a duk abin da na faɗa, wannan kuwa bai amfani kowa ba. Don ni ma ina da ashana a aljihu, gwangwani kuwa ya fi ashirin a rumfata. Ranar kasuwar Jega ina zaune ina kallon mata suna miƙa kwalabe ana cika masu, ina jin mai talla yana kiran sunan injiniya, na cusa kaina cikin wani inji da babu abin da ya same shi, na yi ta kwancewa ina ɗaurawa har la'asar. Tsoron rasa rumfa ne ya zaunar da ni, ba wani abu ba.

Maiyama kuwa ba ta faɗo mana a rai ba, ni da shi. Durorin a Aliero suke, talla a Jega ake yi, Maiyama tana da nata 'yan bumburutun.

Rana ta uku da hantsi ya rufe lissafi. Ya zo rumfata idanunsa sun yi ja, ya nuna mini takardar. Tun daga digiri talatin da tara tururin ya isa ya kama, a kwanakin nan kuwa inuwa ma tana kai arba'in da uku, balle ƙarƙashin kwano, balle tankin rishon da ke ci. Muka tafi Aliero. Aka ce Alhaji ya yi tafiya tun jiya, amma yana hanya. Muka zauna kan benci a ƙofar gidansa, Waliyyu yana riƙe da takardar a cinya kamar mai jiran a sa masa hannu. A nan muka yi azahar.

A nan kuma Sabi'u ya same mu, wani magidanci ɗan kabu-kabu na tashar Maiyama, bayan ya neme mu Gehuru da Jega. Shi Delu ta aika ranar kasuwa da jarka, ta ce ya je har Jega ya sayo mata na injiniya, kada ya yarda a ba shi wani. Ya ce mata ga kananzir nan a ƙofar tasha, ta ce ita na ƙanenta take so. Tun jiya take nuna wa masu cin abinci jarkar. Yau da rana tsaka risho ɗaya ya fara ja baya ana tsakiyar dafa shinkafa, ta kwance murfin tankin ta kafa mazurari ta ɗaga jarka, wuta na ci, kamar yadda ta saba yi shekara ashirin da kananzir na gari ba abin da ya taɓa faruwa. Wutar ta bi tururin ta shiga jarkar a hannunta. Zanenta na leda ne. Kafin direbobi su danne ta da buhu da ƙasa abin da zai faru ya faru.

Mun same ta a asibiti an kifa mata wani keji na ƙarfe an rufa zane a kai don kada ya taɓa jikin. Fuskarta ta kumbura, amma tana gani, tana magana. Mata uku na tashar suna zaune a gefen gado. Waliyyu ya tsaya daga ƙafafunta ya kasa matsawa.

"Auta," ta ce, muryar ƙasa-ƙasa, "mutanen ga suna cewa naka na. Na ce masu ƙarya suka yi, wani anka ba Sabi'u da sunanka. Hwaɗa masu su ji."

Na taka masa ƙafa da ƙarfi. Duk wani ɗan Adam da ke da jini a jika da ya yi ƙarya a wurin nan, Allah kuma ya yafe masa. Waliyyu ya buɗe baki ya ce, "Yaya, lissahin daidai na. Zahi na ya…"

"Naka na, ko ba naka ba na?"

"Nawa na," ya ce.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta mai da idonta bango. Can ta ce wa ɗaya daga cikin matan ta ɗiga mata ruwa a baki. Ba ta sake yi masa magana ba. Kwana biyu ya yi zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin, in ya leƙa sai ta rufe ido. Ta cika da hantsin rana ta uku, tana riƙe da hannun maƙwabciyarta.

Ba ita kaɗai ba ce. A Danwarai fitila ta fashe a hannun wani dattijo, a Jega ɗaki ya ƙone da kayan wata amarya. Gari ya tashi neman mai laifi, bai kuwa sha wahala ba, don sunan yana nan a bakin masu talla. Ba wanda ya ambaci Maccido, saboda albasar kowa a motocinsa take tafiya kudu. Mutanen da suka shekara uku suna cewa lissafin Waliyyu shirme ne, su ne suka rantse cewa lissafinsa ne ya kashe mutane, kuma da sani ya yi. Har yau in na tuna da bakunan nan raina yana ɓaci. Sauran rayuwarsa gajeren labari ne. Ya ƙara shekara goma sha tara a Gehuru, bai sake aure ba, a ƙarshen sahu yake salla, mata sukan janye 'ya'yansu in ya biyo hanya. Nakan je in gan shi, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Ya rasu da damina, mu tara muka kai shi.

Abin da na fi so a sani ya faru ne ranar addu'ar uku ta Delu, a ƙofar gidan mijinta a Maiyama. Muna zaune kan tabarmi motar Maccido ta tsaya. Aka sauke buhun shinkafa. Aka tashi aka ba shi wuri a kan darduma, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, amin ɗin da aka yi masa ta fi ta liman ƙarfi. Da zai tafi ya yafito Waliyyu zuwa jikin mota. Na bi su.

"Injiniya, sai haƙuri, kwana ya ƙare," ya ce. "Saura duro goma sha huɗu a shago. Ba ni son a sake irin wagga. Ka duba mani nawa za a ƙara na mai kyau, shi yi daidai da zahin ga. In kuwa ba ka iyawa, ba komi, akwai masu son su hakanan can bakin iyaka, sun ma taya."

Na so in shaƙe shi. Hannuwana suna baya, a baya kuma suka zauna. Waliyyu ya dubi mutumin nan ya daɗe yana dubansa. Ya san abin da duro goma sha huɗu zai yi a ƙauyukan da ba wanda ya ji labarin Maiyama. Ya kuma san duk faɗin ƙasar nan ba wanda zai iya fitar da lambar sai shi.

"Mai kyan da za a ƙara," ya ce, "irin na dauri na?"

"Shi na."

"A kawo mani kwalba guda."

Ya koma kan tabarma ya ce in ara masa biro, ya aiki Sabi'u Gehuru ya ɗauko masa littattafansa. A wurin zaman makokin ya fara tayi. Masu ta'aziyya suna zuwa suna durƙusawa suna cewa Allah ya jiƙanta, yana amsa amin kansa a sunkuye, hannunsa yana rubuta lambobi. Mijin Delu ya leƙa ya ga abin da yake yi, ya tashi ya ja tabarmarsa ya koma ɗaya gefen, sauran mutane suka bi shi, aka bar mu mu biyu.

Kwana biyar ya ɗauke shi. Ni na kai takardar Aliero a babur ɗina. Maccido ya sa na karanta masa sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in gaya wa injiniya aikinsa yana kyau, kuma in wani abu ya sake tasowa shi za a nema.